Tsohon layin dogo, mu Katsinawa sai mun je Funtua muke ganinshi

Duk wanda aka haifa cikin birnin Katsina ko Daura ya tashi bai san kukan jirgin ƙasa ba, sai dai a talabijin, ko in an tafi da shi Kano ko Zariya ya tarar an tare hanya ana jiran jirgi ya wuce. Abin mamaki kuma jihar tamu tana da layin dogo tun kafin a haifi iyayenmu, kusan shekara ɗari kenan, sai dai can kudu ya bi ta Funtua ya wuce Gusau, ko kallon birni bai yi ba. Yanzu da ake ta maganar sabon layin Kano zuwa Maraɗi, kowa na lissafin inda tasha zata zauna da nawa fili zai koma kusa da ita, ni sai hankalina ya koma kan tsohon da ba mai maganarshi. Shine na ɗauko wata ɗabi'a da abokaina ke mani dariya a kai, duk sanda hidima ta kai ni Funtua ko Zariya sai na ware safiya guda na bi layin nan da ƙafa.

Bari in fara da yadda akai layin ya zo, don in baka san wannan ba ƙarfe da ciyawa kawai zaka gani ka dawo da ƙarangiya a wando. Turawa sun fara shimfiɗa layi daga Legas a ƙarshen shekarun 1890, ya iso Ibadan a 1901. Arewa lokacin gwamnatinta daban, ba'a haɗe ƙasar ba sai 1914, to su sai suka fara nasu daga Baro a bakin kogin Neja a 1907, zamanin Gwamna Girouard wanda dama shi injiniyan reluwe ne na soja, dabarar itace kaya su gangaro ta jirgin ƙasa zuwa Baro sannan a zuba su a jirgin ruwa. Layin ya bi ta Minna da inda Kaduna take yanzu da Zariya, ya shiga Kano a 1911. Na Legas ya hauro ya haɗe da shi a Minna, a 1912 aka mai da su abu ɗaya, daga nan Baro ta fara komawa baya tunda kowa ya gwammace ya wuce Legas kai tsaye.

Masu aikin kuwa talakawa ne, Bature dai yana riƙe da taswira da abin awo. Hakimai da dagatai aka ɗora wa kawo leburori, kowane gari da adadin da zai bayar, a zo a yi makonni ana sara da diga ana ɗaukar ƙasa a kwando a ka sannan a sallame su a kawo wasu. Ana biyansu amma ba wanda ya tambaye su ko suna so, kuma kuɗin na Bature ne, sule da sisi da kwabo, irin wanda ake son a riƙa biyan haraji da shi, wuri kuma ya kama hanyar mutuwa. Ina yawan tuna su in na hau wani dogon tudu da aka cike a fadama, ka duba tsawonshi da tsayinshi ka tuna ba katafila ba tifa a lokacin.

Abin da ya kawo Turawan ba ɓoyayye bane, auduga ce. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda zasu samu auduga ba sai sun dogara da Amurka ba, har suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a 1902 saboda haka, kuma sun sa rai ƙwarai da ƙasar Hausa tunda sun ji labarin saƙa da rinin Kano. Sai lissafi ya ƙi, masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai saya, manoman Kano kuma da jirgi ya iso suka ga gyaɗa tafi kawo kuɗi, ga shi ko ba'a saya ba ana ci, suka koma mata, asalin dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata kenan. Auduga sai ta tsaya inda ƙasa tafi karɓarta, arewacin Zazzau da kudancin Katsina da ƙasar Zamfara, su Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara, Faskari, Tsafe, Gusau. Shine aka yanko reshe daga Zariya ya ratsa yankin, aka kai shi har Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma aka gama a 1930. A Ƙaura ya tsaya cak, har yau bai ga Sakkwato ba.

In ka buɗe taswirar tsofaffin layukan nan abu ɗaya zaka gani, kowanne daga gona ko ramin ma'adini yake tasowa ya nufi teku, Legas ko Fatakwal. Babu wanda aka ja don Bakatsine ya je Sakkwato ta'aziyya ko mutumin Daura ya kai kaya Kano. Katsina kuwa tun asali arewa take kallo, ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, kuma dama tun bayan jihadi kasuwa ta fara zamewa Kano saboda yaƙe-yaƙe da Maraɗi da Gobir, Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, da ya zo a 1851 ya tarar mutane sun ragu sosai cikin ganuwa. Jirgi na shiga Kano sai ya ƙarasa abin, kayan da ke shafe watanni a hamada yanzu cikin kwanaki sun iso daga Legas. Mu aka bar mu da sarauta da malanta da Kwalejin Katsina, ita ma a 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna. Funtua kuwa da ba wani babban gari bace, Maska ce tsohon gari mai suna a yankin, har gobe hakimin Funtua Sarkin Maska ake ce mashi, amma ina Maska ina Funtua yau. Tasha ta zo, injin gurzar auduga ya zo, kamfanoni masu sayen amfanin gona suka kafa sikeli da sito, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka biyo layi, wasu ma'aikatan reluwe wasu 'yan kasuwa, gari ya buɗe.

To ga yadda yawon yake. Da sassafe nake fita, kuma daga kaka zuwa hunturu, lokacin an yi girbi ciyawa ta bushe kana ganin inda zaka sa ƙafa. Da damina kar ma ka fara. A cikin gari layin bai mutu ba, aiki ya canza, ya zama hanyar ƙafa mafi miƙewa a unguwa, 'yan makaranta na bi suna gasar wa zai fi daɗewa kan ƙarfe ɗaya bai faɗo ba, mata sun shanya barkono da kuɓewa a gefe, awaki sun kwanta a tsakiya suna tuƙa, wani ya kafa teburin shayi, wani ya ɗaure sa a jikin ƙarfen tunda ya san ba abin da zai tumɓuke shi. Wani wurin bola ta binne layin gaba ɗaya, ka yi ta tafiya kan leda har ka zaci ka ɓata sannan ƙarfen ya sake ɓullowa. Kusa da tasha zaka ga layin ya rabu biyu uku, nan ake ajiye taragai ana lodi, ko wani jirgin ya tsaya wani ya wuce tunda layin ɗaya ne tilo, ga ma'ajiyar kaya mai rufin kwano, ga gidajen ma'aikata irin ginin da mai baranda. Abin da duk mai bin layi zai gane da wuri shine tazarar ƙarafan da aka gitta a ƙasa bata dace da takun mutum ba, in ka taka ɗaya bayan ɗaya sai ka riƙa tafiya kamar amarya, in ka tsallake ɗaya kuma ya yi maka nisa, dole ka haƙura ka sauka gefe.

In ka fita bayan gari hayaniya ta ragu, nan zaka samu damar tsugunnawa ka karanta ƙarfen, don rubutu ne da shi. A jikin dogon ƙarfen ta gefe akwai haruffa da aka fito da su tun daga masana'anta, sunan kamfanin da ya yi shi da shekarar da aka yi shi, wani lokaci har da nauyinshi. Tsatsa da ƙasa sun rufe da yawa amma in ka zuba ɗan ruwa ka goga da kara yana fitowa, kuma ba duka shekara ɗaya bane, wani wurin tsoho ne tukuf wani wurin an canza daga baya, kaga tarihin gyaran da aka yi kenan ba sai ka je ofishin kowa ba. Faɗin tsakanin ƙarfe biyun ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, haka kusan duk tsofaffin layukan Najeriya suke, an zaɓe shi don yafi araha kuma yana iya shan kwana mai tsanani, shi yasa layin ke ta kewaye tudu maimakon a fasa shi, shi yasa kuma jirgin baya iya gudun kirki. Abin da aka gitta a ƙasan, silifa 'yan reluwe ke ce mashi, yawanci na ƙarfe ne ba katako ba saboda gara. A mahaɗar ƙarfe da ƙarfe an bar 'yar tazara da gangan an kama su da faranti biyu da notuna, don in rana ta buɗe ƙarfe miƙewa yake, in ba'a bar mashi wuri ba sai ya lanƙwashe. Wannan 'yar tazarar ce ke ba da ƙarar nan da waɗanda suka hau jirgin da ke kwaikwaya da baki in suna ba da labari.

Amma ni abin da yafi ɗaukar hankalina kwalbatoci ne da ƙananan gadoji. Mutane suna zaton layin dogo ƙarfe ne kawai, alhali rabin aikin faɗa da ruwa ne. Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashi ba ado bace, ita ke riƙe silifa kar ta motsa kuma ita ke barin ruwan sama ya tsiyaye ya wuce, ga lambatu gefe da gefe, ga kwalbati duk inda ƙorama ta gitta. Ka leƙa ƙarƙashin wasu kaga ginin dutse da aka jera da hannu har yau ko tsagewa bai yi ba. Inda gizo ke saƙar shine ranar da aka daina yashe su. Yashi da kara da leda su toshe bakin, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya taru gefe ɗaya ya fara cin tudun a hankali, wata rana a wayi gari ƙasa ta tafi an bar ƙarfe da silifa suna reto a sama ba komai ƙarƙashinsu. Na ga irin wannan wurin da idona, zaizayar ta zama kwazazzabo har ta shiga gonar mutane, kuma ba ɓarawo ko ɗan ta'adda da ya yi wannan, mutum biyu da shebur kafin faɗuwar ruwa da sun hana. Wasu wuraren kuma tsakuwar ce babu, an kwashe an zuba a ginin gida, ƙasa ta maye gurbinta, sabara da kalgo da tumfafiya sun fito tsakiyar layi, har bedi na gani wanda kaurinshi kaɗai ya isa ya gaya maka rabon da wani abu mai taya ya bi ta wurin.

Wanda ya fahimtar da ni wannan wani dattijo ne tsohon ma'aikacin reluwe, abokina ɗan Funtua ya kai ni wurinshi, muka same shi ƙofar gida kan buzu da rediyonshi. Da na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya yace yaro kai ɗan jarida ne ko gwamnati ta aiko ka, nace a'a Baba sha'awa ce kawai. Shi a gang ya yi aiki, wato rukunin leburorin da ake yanka ma wani yanki na layi su kula da shi, da helumansu. Yace kullum da asuba akwai mutum ɗaya da aikinshi kawai ya bi yankin nasu da ƙafa, guduma da sifana a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa yana ɗaure duk notin da ya saki, in ya ga abin da yafi ƙarfinshi ya kafa jar tuta ya koma ya faɗa. Kenan abin da nake yi don nishaɗi, da aikin wani ne ana biyanshi albashi a kai. Sauran su cire ciyawa, su cusa tsakuwa ƙarƙashin silifa, su yashe lambatu, babban jami'i kuma ya zo duba aiki kan 'yar turolin da mutane ke turawa da gudu. Ya ba ni labarin yadda direba baya barin tasha sai an miƙa mashi wani ƙarfe, shaidar cewa layin da ke gabanshi nashi ne shi kaɗai har tasha ta gaba, in ya isa ya miƙa a ba shi wani, da haka jirgi biyu basa karo a layi ɗaya. Ya riski ƙarshen jirgi mai kwal, wanda ake kawo kwal ɗinshi daga Inugu, sai ya tsaya ya sha ruwa a tanki kafin ya ci gaba, kafin masu dizal su karɓe harkar. Nace Baba to mi ya kashe jirgin, yace ɗana ai jirgi kaya yake bi, ranar da auduga ta daina taruwa a fuloti ranar aka fara rage mu.

In ka duba alƙaluma zaka ga ba ƙarya ya yi ba. A 1955 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta NRC, a 1964, shekarar da layi ya isa Maiduguri, jiragenta sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya tan miliyan 1 da kaɗan. A tsakanin nan ga rikicin 1966 da ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa barin Arewa, ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 da ya lalata layin gabas, ga farin farkon shekarun 1970, sai kuma cutar da ta faɗa ma gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dala. Kuɗin fetur ya shigo gwamnati ta karkata ga tituna, tirela da tanka suka kwashe kayan tunda su har ƙofar sito suke kai maka kuma ba sai ka zauna jiran tarago ba. An ɗauko Indiyawa a 1979 su riƙe harkar suka yi shekara uku suka tafi, an kawo 'yan Chana a 1995 zamanin Abacha, duk dai. Ita auduga, da aka kafa hukumomin amfanin gona na ƙasa a 1977 a Funtua aka ajiye hedikwatar tata hukumar, kaji matsayin garin, a 1986 aka rushe su duka lokacin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ni ban yarda da Baba ɗari bisa ɗari ba, duk da ban faɗa mashi a gabanshi ba. Manomin Bakori da Ɗandume ai bai naɗe hannu ba da auduga ta faɗi, ya koma masara da dawa da shinkafa da waken suya, kuma duk ranar kasuwa je ka ga tirelolin da ake lodawa zuwa kudu, titi yana ta farfashewa ƙarƙashinsu ana ta gyara. Kaya basu ƙare ba, canzawa suka yi, jirgin ne bai bi su ba, an gina shi don auduga da gyaɗar gwamnati mai tafiya teku kuma ba wanda ya zauna ya mai da shi na ɗan kasuwa mai buhu ɗari biyu da ke son kayanshi su isa Ibadan jibi.

Sai 'yan gwangwan. Abin yana farawa ne da ƙananan abubuwa, noti da faranti da maƙalan da ke riƙe ƙarfe da silifa, yaro ya kwance ya cika buhu ya kai a auna mashi a kilo, shi yasa zaka yi tafiya mai nisa kaga ƙarfen yana nan amma ba abin da ke riƙe da shi. Daga nan sai manya masu injin yanka da gas da babbar mota, irin waɗanda muke ji a labarai jami'an tsaro sun kama da tirela cike da ƙarafan layin dogo. Ni a ganina mai saye yafi yaron laifi, don ƙarfen layin dogo ba ya ɓuya, duk wanda ya ganshi ya san daga ina ya fito.

Wannan ma yasa in zaka yi irin yawon nan kar ka tafi kai kaɗai kuma kar ka ɗauki wani abu mai kama da kayan aiki, ko sukundireba. Ka nemi ɗan gari ya raka ka, ku biya ku gaida mai unguwa ku faɗa mashi abin da ya kawo ku, don a halin da ake ciki baƙon da ke yawo bayan gari yana ɗaukar hoto da waya ko a ce ɓarawon ƙarfe ne ko a ce infoma ne, kuma kafin ka yi bayani an taru. Ɓangaren da ya nufi ƙasar Faskari da Tsafe ni iyakata inda gonakin gari suka ƙare, kowa ya san halin dajin nan, ba tarihin da ya kai ran mutum. Ta wajen Zariya yafi sauƙi, ka bi ta Samaru wajen Hayin Dogo kana cikin mutane. Takalmi rufaffe, ruwa, sanda, kar ka zura hannu ƙarƙashin silifa ko cikin ramin kwalbati saboda kububuwa da kunama, ƙarƙashin gada kuma ka ɗaga kai ka duba rina kafin ka shiga. Layin da jirgi ke bi ko inda ake kan aiki wannan ba wurin yawo bane sam.

Yanzu ga sabo yana zuwa, wannan karon ta ƙofar gidanmu. A watan Fabrairun 2021 zamanin Buhari aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, a Kwarin Tama nan jihar Katsina aka yi bikin, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba, kuɗin kusan dala biliyan 2. Zai taso daga Kano ya bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya ya tsallaka Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, a Daura kuma ga jami'ar sufuri an kafa. Faɗinshi milimita 1,435 ne irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ma'ana jirgin da zai hau shi ba zai iya taka na Funtua ba ko da an haɗa bakinsu, na Kaduna zuwa Kano da ake ginawa shima ta Zariya zai wuce. Kaga abin ya juya kenan, Katsina da Daura da aka tsallake a wancan karon su ne kan layi, Funtua da jirgi ya raya ita ce zata koma gefe, ga ta da tashar tsandauri, wato tashar sauke kayan jirgin ruwa a kan tudu, wadda amfaninta baya cika sai da jirgi. Maraɗin da layin zai ƙare kuma ai gida ne, sarakunan Haɓen Katsina da jihadi ya kora su suka kafa ta, har yau sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi ne, wato an dawo an ja ƙarfe kan tsohuwar hanyarmu ta arewa.

Ina murna wallahi, bana cikin masu cewa asarar kuɗi ce. Amma mi zai ɗauka? Shanun Mai'aduwa da Charanci, hatsi, siminti, taki, kayan 'yan Nijar da suka saba bi ta Kwatano da Lome? In haka ne sai iyaka ta zauna a buɗe, mu kuwa mun ga an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutanen Jibiya da Kwangwalam su suka san abin da suka gani. Su kansu Nijar suna da layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, kilomita 140 da ɗoriya, aka yi bikin buɗewa a 2016, jigilar da aka yi shi dominta bata kankama ba, sabo fil ya koma wurin kiwon awaki. Sannan wa zai riƙa yashe kwalbati? A jawaban biliyoyin nan ba'a cika faɗin mutum nawa za'a ɗauka su riƙa bin layi kullum ba, ko daga wace jaka za'a biya su nan da shekara ashirin, kuma can arewacin Daura da Mashi da Jibiya ba ciyawa ce zata fara binne layi ba, rairayi ne da iskar bazara ke kwasowa.

Inda nake son zuwa nan gaba yafi na Funtua mutuwa, don shi ko ƙarfen babu. Ƙaramin layin da Turawa suka ja daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, faɗinshi ƙafa 2 da inci 6 kacal, ya isa Jos da Bukuru a 1914, kafin nan a ka leburori ke sauko da kuzar daga kan tsauni. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai amfaninshi ya ragu, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafan, wasu daga cikin kawunan jirgin da taragai suna ajiye wajen gidan tarihi na Jos. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre. Irin wannan sai dai ka nemi miƙaƙƙen tudu a tsakiyar gona, ko ƙafar gada tsaye cikin rafi ba gada a kai, ko ka tambayi tsofaffi ina ne ake ce ma tasha. Wani abokin karatuna ɗan Soba yace zai tambayi kawunshi ya nuna mana inda ya ratsa, in Allah ya kai mu bayan girbi kuma hanya ta yi kyau daga can zamu fara.